Taraktar da Ba Ta Son Sabis

In ana zancen masu cika baki a ƙauyukan hanyar Godogodo, da Silvanus ake farawa, sai an huta kafin a tuna da na biyu. Shekara goma sha ɗaya ya yi a reluwe a Kafanchan, yana bin ƙarƙashin taragu da gwangwanin giris. Amma da aka sallame shi a farkon 1989 ya dawo gida, sai ga shi ya zama Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa. In ka kira shi Silvanus zalla, sai ya yi kamar da wani kake.

Matarsa Magdalene 'yar Kagoma ce, shekararsu biyu da aure. A aji huɗu ta tsaya a firamare. Ba ta da yawan magana, in mutum uku suka taru bakin zanenta take kallo, amma babu abin da ke wuce idonta.

A shekarar, hankalinta duka yana kan buhu uku na irin citta da mamarta ta ba ta. Ruwan farko ya riga ya sauka, irin ya fara fitar da 'yan idanu a gindin mangwaro inda ta rufe shi da ganye, gona kuwa ko garma ɗaya ba a sa mata ba. Abin da ke kwantar mata da rai shi ne gayya. A ƙauyen, maza ashirin da biyu ke bin gonakin juna da garma, kowa da ranarsa, kuma ranar gidan Silvanus ita ce Asabar ta sama. In aka kafta gonar ranar, irin ya tsira da ransa. In aka wuce, sai dai a dafa shayi da shi.

Ran Litinin da yamma tana tuƙa tuwo, sai ga Silvanus ya faɗo gida da takarda a hannu.

“Magdalene! Ajiye muciyar nan ki zo ki ga arziki.”

Ta goge hannu ta zo. Wani kamfanin gona ne da ya rushe zai yi gwanjon kayansa ran Alhamis a bayan gari.

“Duba nan, tarakta biyu ne. Ta farko an rubuta mata sabisabul. Kin san sabis?”

“Wanda ake kai babur?”

“Yawwa. Wato wannan kullum tana wurin makanike. Juyen mai, canjin fulogi, wahala. To duba ta biyu.” Ya waiga ya ga ba kowa, ya rage murya. “Ansabisabul. Wannan an ɗin da ke gaba, a Turanci shi ne a'a. Ba ta son sabis ke nan. Bature ya ƙera ta ya rufe, ya ce je ki yi ta aiki har Yesu ya dawo.”

“Maigida, da ka nuna wa Malam Wilfred ya ɗan duba.”

“Malamin aji uku? Ni da na yi aiki da Indiyawa a reluwe? In na nuna masa, gobe duk ƙauyen nan na can suna taya min kaya. Ki rufe bakinki.”

Wannan kam bai yi mata wuya ba.

Washegari ya tafi gindin ɗorawa inda maza ke zama. Magdalene na hanyar rijiya da bokiti, ta tsaya tana gyara gammo fiye da yadda gammo ke buƙata.

“Baba Zamani, a cire sunana daga gayya.”

Baba Zamani shi ne sarkin gayya, tsoho ne siriri da ba ya gaggawa ko da kaza ta shiga wuta. Ya cire asuwaki daga baki.

“Ka sayar da gonar ne?”

“Tarakta zan saya. Aikin da ku ashirin da ɗaya kuke yi daga safe zuwa la'asar kuna warin zufa, zan yi shi kafin shayina ya huce.”

Malam Wilfred ya sauke jaridar da yake karantawa. “Injiniya, ka san kuɗin sabuwar tarakta yanzu? Ta haura dubu ɗari da hamsin.”

“Wa ya ce maka sabuwa? Sabuwar tarakta gwangwanin madara ce da aka shafa wa fenti. Ka jingina da ita ta lotsa. Ƙarfe na gaske yana jikin tsohuwa.”

“Tsohuwa kuma sai ka auri makanike tare da ita.”

Silvanus ya yi wani murmushi irin na wanda ya san abin da duniya ba ta sani ba. “Tawa ba ruwanta da makanike.”

“To ka bar sunanka mana har ta iso,” in ji Baba Zamani. “Suna ba ya cin tuwo.”

“A cire! Ranar Asabar ɗin ma ku zo, amma ku bar garma a gida. Ku zo da ido kawai.”

Magdalene ta ɗauki bokitinta. Ranar sau biyu ta je ta ɗaga ganyen da ke kan irin cittar ta mayar.

Ran Alhamis ya sa kwat ɗinsa na aure, ya cusa kuɗin sallamarsa a aljihun ciki, ya ce ta shirya ta bi shi, domin wata rana za ta ba 'ya'yansu labari. Suka shiga bas zuwa Kafanchan, daga nan suka taka zuwa filin gwanjon.

Filin cike yake da mutane: manoma, dillalai, makanikai da hannuwansu baƙi ƙirin. Mai gwanjo ya hau kan tirela da ƙararrawa. Aka fara da tarakta ta farko. Aka murza makulli ta tashi, ta yi tari biyu, ta zagaya fili tana hayaƙi. Wasu manoma biyar daga Kauru da suka haɗa kuɗi suka saye ta dubu ashirin da takwas, suna ta tafawa da juna.

“Allah sarki,” in ji Silvanus da ƙarfi don a ji. “Sun sayi asibiti.”

Sai aka koma ƙarshen fili, gindin wata tsamiya. Nan ta biyun take. Launinta ya daɗe da tafiya. Taya ɗaya ta gaba ta kwanta, ciyawa ta fito ta tsakanin giya, kujerar kuwa ƙarfe ne zalla. An ɗaure murfin injin da waya, zagaye kusan goma.

Jama'a suka watse neman inuwa. Mutum ɗaya ya rage, wani Alhaji Misbahu mai sayen tsohon ƙarfe a kasuwar Kafanchan. Ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa da sanda.

Silvanus ya kara kunnensa a jikin murfin. Idonsa ya buɗe.

“Magdalene, zo ki ji.”

Ta kara kunne. Lalle akwai wani sauti a ciki, ƙasa-ƙasa, zuuuu, ba ya yankewa.

“Kin ji? A kashe take fa, amma tana aiki. Ki ga waya kuma, hatimin kamfani ne. Tun da aka ƙera ta ba wanda ya buɗe.”

Mai gwanjo ya kaɗa ƙararrawa. “Yadda kuka gan ta, a inda kuka gan ta! Wa zai taya?”

“Ɗari biyar,” in ji Alhaji.

“Dubu ɗaya!” in ji Silvanus.

Alhaji ya dube shi daga takalmi zuwa kwat. “Dubu da ɗari.”

“Dubu biyu!”

“Maigida,” Magdalene ta ja masa hannun kwat.

“Bari! Shi ma ya gane sirrin, ba ki ga idonsa ba?”

Alhaji ya matso. “Bawan Allah, kai ma narkarwa kake yi? A ina shagonka?”

“Noma zan yi da ita.”

“Noma?” Alhaji ya juya ya kalli taraktar, ya sake kallon Silvanus. “Da wannan?”

“Ka daina wayo, Alhaji. Na iya karatu.”

“Dubu biyu da ɗari biyu, shi ne iyakar nauyinta. Ni kilo nake saye.”

“Dubu uku!”

Alhaji ya sa sandarsa a hammata. Mai gwanjo ya fara ƙirga: ɗaya, biyu. Sai wani mutum a baya ya ɗaga hannu yana kiran mai rake. Silvanus ya hango hannun.

“Dubu huɗu!”

“Oga, kai ne a sama fa,” in ji mai gwanjo.

“Dubu huɗu da ɗari biyar! Mu ga wanda ya isa!”

Mai gwanjo bai sake tankawa ba, ya kaɗa ƙararrawa da sauri kafin mutumin ya farka. Silvanus ya kayar da kansa a ciniki sau biyu, ya juyo yana ɗaga wa jama'a hannu.

“Ina makulli?” ya tambayi akawu.

“Ba ta da shi.”

“Ka ji ko!” ya ce wa Alhaji. “Ko makulli ba ta so.”

“Allah ya sa albarka,” in ji Alhaji Misbahu. “Shagona na bayan masu tukwane. Ka riƙe kwatancen.”

Da sassafe ran Juma'a, bayan an kwana ana ruwa, Silvanus ya ɗauki hayar wata motar itace ta ja taraktar zuwa gida. Aka yi wa tayar faci, aka ɗaura igiya. Direban ya ce a bar ɗaya daga masu lodinsa ya riƙe sitiyari, Silvanus ya ce wanda ya tuƙa jirgin ƙasa ba a koya masa riƙon sitiyari. Magdalene ta hau bayan motar, ta zauna a kan itace tana kallonsa.

Nan aka gane sitiyarin hagu kawai ya sani. In mota ta yi dama, tarakta sai ta yi hagu. Kafin su bar gari ta kwashe tiren mai ƙosai, ta ɗauke igiyar shanya da wandunan mutane uku, ta bi wani mai keke har cikin kwata.

“Kai makaho ne?” in ji mai keken, yana fitowa da laka har wuya.

“Kai ne ba ka saba ganin manyan injuna ba!”

Suna hawa gadar wani rafi, Silvanus ya yi tsalle daga kujera ya dafe wuya.

“Wayyo! Shokin!”

Direba ya taka birki. Tarakta ba ta taka ba, don ba ta da abin takawa. Ta zo ta sumbaci bayan motar, gam. Itace uku suka gangaro, Magdalene ta rungume na huɗu.

“Me ya faru?” in ji direba.

Silvanus na murza wuyansa, wurin ya tashi kamar ƙwan zabo, amma fuskarsa fal murna. “Lantarki ne ya ja ni. Shekara nawa tana ajiye, batir ɗinta da rai! Sabuwa za ta yi maka haka?”

Direban ya ce shi dai a ƙara masa kuɗin fitilar baya.

Da azahar suka iso. Aka kwance ta a kan tudu gaban coci, aka tokare tayoyin da duwatsu. Daga nan hanya ta gangara, ta wuce gindin ɗorawa, ta kai gonar Silvanus. Ya ce a nan za ta zauna har Asabar ta sama, ranar da za a ƙaddamar da ita a gaban jama'a. Duk wanda ya matso kusa sai ya kore shi, kada a sace masa fasaha.

Mako guda ya yi yana shiri. Ya sayi fenti ja ya rubuta INJINIYA SILVANUS DA 'YA'YANSA a gefe, ko da yake ba su haihu ba tukuna. Ya zuba galan biyu na man gas a tanki, man ya fito ta ƙasa ya jiƙa masa takalmi, ya ce ai ta ƙoshi ne. Ya fara karɓar sunayen masu son haya, ya ce wa Baba Zamani in ya yi ladabi zai sa shi a sahun farko.

Magdalene kuwa kullum sai ta wuce ta wurin in za ta rijiya. Ran Laraba da rana tsaka ta tsaya nesa kaɗan ta zuba ido. A ƙasan murfin, inda tsatsa ta ci, akwai wata 'yar ɓula. Wasu abubuwa na shiga, wasu na fita, kowanne da ɗan gari rawaya a ƙafa.

Da ta kawo masa abinci ta durƙusa.

“Maigida, taraktar nan, na ga ƙudan zuma suna…”

“Ƙanshin man Turai ne ke jan su.”

“Shiga suke yi ciki.”

“Magdalene, ke da aji huɗu za ki koya min inji? Je ki jiƙa dawa. Kunu nake so tukunya uku, da shinkafa. Fasto zai zo.”

Ta jiƙa dawa. Ta je ta ɗaga ganyen cittarta. Tsiron ya kai tsawon ɗan yatsa, wasu har sun fara lanƙwasa suna neman ƙasa. Ta mayar da ganyen, ta daɗe a tsugune.

Asabar ta zo. Ƙauyen kaf ya hau tudu, har da mutanen Godogodo da labari ya kai musu. Matan zumunta na coci suka zo da anko da tulun kiɗa. Maza ashirin da ɗaya suka zo hannu rabbana kamar yadda aka ce musu. Silvanus ya fito da kwat, da tabarau baƙi, da hular reluwe.

Ya yi jawabi na kusan awa ɗaya. Ya ce daga yau garma ta zama kayan tarihi. Ya ce baɗi zai sayo ta biyu, Magdalene ta riƙa zuwa kasuwa da ita. Fasto ya yi addu'a, ya ɗora hannu a kan murfin, ya janye da sauri ya kalli tafinsa, ya gajarta addu'ar.

“To a tayar mana mu gani,” in ji Baba Zamani.

“Irin wannan turawa ake yi. Da ta ji gangara za ta kama. Maza shida!”

“Ashe dai da sauran amfaninmu,” in ji wani.

Silvanus ya hau ya gyara tabarau. Aka cire duwatsu. Magdalene ta ɗauki tukunyar kunu ɗaya ta koma can bayan coci, ta kira wata tsohuwa da ba ta iya gudu ta ce ta zo ta taya ta riƙe ludayi.

Aka tura. Tarakta ta motsa, ta yi ƙara kamar ƙofar da ta shekara a rufe, ta kama gangara. Matan zumunta suka ɗauki waƙa. Silvanus ya ɗaga hannu ɗaya yana gaisuwa, ɗaya yana jan giya. Sandar giyar ta fito gaba ɗaya ta biyo hannunsa. Ya kalle ta, ya ɗaga wa jama'a ita kamar da gangan ya yi.

“Ta kama?” Malam Wilfred ya yi ihu yana bin ta da gudu.

“Tana kamawa!”

Gudu dai tana yi, har fiye da yadda ake so. Awaki suka watse. Hanyar gona ta karkata dama, tarakta ta tuna da halinta ta yi hagu.

“Birki, Injiniya! Taka birki!”

“Ina takawa! Ku kauce da itacen!”

Ɗorawar ba ta kauce ba. Aka ji ƙara har cikin coci. Benci biyu na zaman maza suka zama itacen girki. Wayar nan ta kamfani ta tsinke, murfi ya tashi sama ya dawo ya kife a kan hular reluwe. Jama'a suka rugo ƙasa su ga injin Bature.

Babu inji. Inda ya kamata ya zauna, saƙar zuma ce jere-jere, tun daga sama har ƙasa, tana ɗiga. Na ɗan lokaci ba wanda ya yi motsi. Sannan masu gidan suka fito.

Wanda bai ga gudun ranar ba bai ga gudu ba. Fasto ya tsallake shingen rogo da Littafi a ka. Matan zumunta suka jefar da tulu suka lulluɓe da zannuwa suna kiran Yesu. Malam Wilfred, da ke cewa gwiwa ta hana shi gayya, ya wuce samari uku. Baba Zamani ma ranar an ga gaggawarsa. Silvanus kuwa kwat ɗinsa ya maƙale a ƙarfen kujera, sai da ya bar musu hannun riga ɗaya kafin ya samu ya faɗa rafi.

Da la'asar aka taru a tsakar gidansa, don nan kunu da shinkafa suke, kuma kowa ya ce ba zai sha harbi a banza ba. Kowa da kumburinsa, wani a goshi, wani a kunne. Aka shigo da Silvanus a jiƙe aka zaunar da shi a kan turmi. Ido ɗaya ya rufe. Leɓunansa sun kumbura sun yi kamar an ɗora doya kan doya.

Takardar gwanjon ta faɗo daga aljihunsa. Malam Wilfred ya ɗauka ya buɗe a hankali, ya karanta da idon da ya rage masa.

“Injiniya, wannan kalmar ce ta ja ka? Ansabisabul?”

Silvanus ya gyaɗa kai da ƙarfi. Har yanzu yana da sauran hujja.

“Me ka ɗauka take nufi?”

“Mmm bbb mmm.”

“Ya ce ba ta son sabis,” wata ƙaramar murya ta ce daga bakin madafa. Aka waiga. Magdalene ce, kanta a ƙasa.

Malam Wilfred ya zauna a ƙasa daɓas. “Ba ta son sabis! Jama'a, abin da Bature ke nufi shi ne ta wuce gyara. Ta mutu. Ko an kai ta sabis, makanike gaisuwar mutuwa zai yi maka.”

Dariya ta ɓarke, masu kumburi suna yi suna riƙe fuska suna cewa wayyo.

“Ai bai yi ƙarya ba,” in ji wani. “Gawa ba ta son asibiti.”

“Dubu huɗu da ɗari biyar! Amya mafi tsada a ƙasar Jema'a!”

“Injiniya da 'ya'yansa. To mun ga 'ya'yan!”

Magdalene ba ta yi dariya ba. Daga inda take tsaye tana hango gindin mangwaro. Ta goge hannu a zane, ta ratsa tsakiyar maza, abin da ba ta taɓa yi ba, ta durƙusa gaban Baba Zamani. Muryarta na rawa.

“Baba, irin cittata. In ya ƙara mako, ya tafi.”

Tsohon ya ajiye ƙwaryar kunu. “'Yata, na sani. Amma gayya tana da doka. Wanda ya cire sunansa da bakinsa, da bakinsa zai mayar, a gaban mutane. Ga shi nan, ya yi magana.”

Aka zuba wa Silvanus ido. Ya miƙe, ya buɗe abin da ya samu ya buɗu.

“Mmmf bbu mmm gwa!”

“Wane yare ne wannan? Na Indiyawa?”

“Matarsa ta ji shi ɗazu,” in ji Malam Wilfred. “Ta fassara mana.”

Baba Zamani ya yi ɗan tunani. “Mata da miji jiki ɗaya ne, ko Fasto?”

Fasto na danna jiƙaƙƙen tsumma a kunne. “Haka yake a rubuce.”

“To 'yata, me ya ce?”

Magdalene ta kalli mijinta. Idonsa ɗaya da ya rage yana zare mata. Ta kalli bakin zanenta.

“Ya ce ku yi haƙuri. Ya ce shi ne ya yi wauta.”

“Mmmm!” Silvanus ya buga ƙafa.

“Ya ce a mayar da sunansa. Ran Litinin in kun yarda.”

“Mmm bbb! Mmm!” Yana kaɗa hannu kamar mai korar kaji.

“Ya ce shi zai shiga gaba da garma, kuma shi zai fita ƙarshe.” Muryar ta daina rawa. “Ya ce bencin da ya karya zai gyara da hannunsa. Zumar kuma a raba gida-gida, a fara da Fasto.”

“Amin,” in ji Fasto.

Silvanus ya kama kansa da hannu biyu ya yi wani dogon gurnani, har da tsalle.

“Wannan kuma fa? Da alama magana ce babba.”

“Ya ce gobe bayan sujada a aika wa Alhaji mai ƙarfe, a bayan masu tukwane, ya zo da sikelinsa.”

“Kai, harbin nan ya yi masa amfani,” in ji Baba Zamani. “Shekara arba'in ban ji ya yi magana mai ma'ana irin ta yau ba. Litinin, kowa da garmarsa.”

Aka tafa. Silvanus ya koma kan turmi ya zauna, don ba abin da ya rage masa.

Da mutane suka fara watsewa, matar Fasto ta ja Magdalene gefe ta danƙa mata wata 'yar kwalbar magani.

“Ki shafa masa a baki. Na asibitin mishan ne, kafin gobe da safe zai saɓe, ya yi magana garau. In ba a shafa ba sai ya kwana huɗu haka.”

“Kwana huɗu, Mama?”

“Ko biyar.”

Magdalene ta yi lissafi a ranta. Litinin kaftu. Talata da Laraba shuka da rufewa da ganye. Ta karɓi kwalbar da hannu biyu, ta durƙusa har ƙasa ta yi godiya. Sannan ta shiga ɗaki, ta buɗe akwatin aurenta, ta ɗaga zannuwa har na ƙarshe, ta kwantar da kwalbar a can ƙasa, ta rufe.

Ta fito ta dama masa kunu mai ruwa-ruwa, ta nemo masa tsinken gwanda ya riƙa zuƙa.

“Sannu, Maigida,” ta ce. “Ka huta da magana. Duk abin da kake so a faɗa, ina nan.”